Jan kati a Kilomita Biyar: martani ga mai cewa a bar maza su gwabza

Wani ɗan'uwa ya yi rubutu a kan ƙwallon da matasan Kilomita Biyar ke bugawa a Bangui, na unguwa da na makarantu, inda ya ce alƙalan wasa sun fara kashe armashin wasa da saurin zaro jan kati. A ganinsa ƙwallo wasan maza ne, wanda ya shiga fili ya san za a taka shi, kuma yawancin karon da ake korar yara a kansa ba da gangan suke yi ba. Ya kafa hujja da jami'o'in Amurka, inda masu horarwa da 'yan kallo suka daɗe suna kuka da dokar da ke korar ɗan wasa idan ya kai wa abokin karawarsa hari a ka ko a wuya, ya ce tunda masu dokar ma suna ƙorafi da ita, mu me ya kai mu. Sannan ya rufe da abin da ya fi nauyi a maganarsa, cewa a unguwar da ba ta daɗe da fita daga tashin hankali ba, kati ɗaya na iya tayar da rigimar da ta fi karayar ƙafa muni, don haka alƙali mai hankali ya riƙa kau da kai. Malam, daga rubutunka an san kana son ƙwallo kuma kana son yaran nan, amma ban yarda da kai ba. Abin da zan tsaya a kai shi ne, duk inda asibiti ya yi nisa kuma aljihu ya yi ƙaranci, nan ne aka fi bukatar alƙalin da ba ya jin nauyin korar mai ganganci, domin usur ɗinsa ne kaɗai kariyar da yaron da ke cikin fili yake da ita.

Amurkar da ka kawo, ƙarshen labarinta ka ɗauko ka bar farkonsa. Wasan da jami'o'insu ke yi dangin zari-ruga ne, ana rungumar ƙwallo a ruga da ita, aikin abokin hamayya kuwa ya kai ka ƙasa. A shekarar 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a cikinsa, galibinsu matasa, har Jami'ar Columbia ta soke wasan ɗungurungum na tsawon shekaru. Shugaban ƙasar na lokacin, Theodore Roosevelt, mutum ne da ya yi suna wajen son jarumta, ɗansa ma yana bugawa a Harvard, amma shi ne ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa a watan Oktoba na wannan shekara ya ce su gyara. Daga wannan yunƙuri aka sauya dokoki a 1906, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a warwatsa cincirindon da ake tattake mutane a cikinsa, aka kuma kafa ƙungiyar da a 1910 ta koma NCAA, wadda har yau ita ke kula da wasannin jami'o'i. Masu cewa an lalata wasan maza sun yi irin maganarka tun a lokacin. Wasan bai mutu ba, yau yana cika filayen da ke ɗaukar mutum sama da 100,000 a Michigan da Ohio da Texas.

Darasin da ya fi wannan kaifi ya zo ne daga baya. Da hular kwano mai tauri ta wadata, 'yan wasa suka mayar da ita makami, mutum ya sunkuyar da kai ya soki ɗan'uwansa da tsakar ka. Idan wuya ya ɗan sunkuya, ƙasusuwansa kan jeru a miƙe, sai ƙarfin karon ya bi ta cikinsu ya farfasa, ya taɓa laka, mutum ya shanye daga wuya har ƙafa. Sau da yawa ma mai kai harin ne ke shanyewa. A 1968 mutum 36 suka mutu sakamakon raunin wasan. A 1976 aka haramta fara karo da kai a jami'o'i da makarantun sakandare, masu horarwa kuma suka koma koya wa yara ɗaga fuska idan za su kayar da mutum. Ƙididdigar da likita Joseph Torg da abokan aikinsa suka tattara ta nuna cewa waɗanda suka shanye har abada sun ragu daga 34 a 1976 zuwa 5 a 1984. A shekara guda ke nan an sami kusan gidaje talatin da ba su koma jinyar ɗa kwance ba, kuma abin da ya jawo haka layi ne a littafin doka tare da alƙalan da suka yarda su yi aiki da shi.

Ƙorafin da ka ji gaskiya ne akwai shi, sai dai ba a kan abin da kake zato ba. Tun 2008 aka haramta kai wa ɗan wasan da ba shi da halin kare kansa hari a ka ko wuya, amma hukuncin bai wuce a ja ƙungiya baya da yadi 15 ba. A 2013 aka ƙara kora, aka ce wanda ya yi laifin bayan hutun rabin lokaci zai rasa rabin farko na wasa mai zuwa. Abin da ya dami masu horarwa shi ne hukunci ɗaya ne ga kowa, da wanda ya daka tsalle ya soki fuskar mutum, da wanda ya nufi ƙirji sai mai ƙwallo ya duƙa a daƙiƙar ƙarshe kawuna suka haɗu. A 2019 ƙungiyar masu horarwa ta nemi a raba laifin gida biyu, mai sauƙi da mai tsanani, a shekarar kuma aka wajabta cewa sai hoton bidiyo ya tabbatar da laifin kafin kora ta tsaya. Gardamarsu ta awon hukunci ce. To, wannan rabon da suke nema, ƙwallon ƙafarmu ta riga ta yi shi. Doka ta 12 ta bambanta sakaci, wanda hukuncinsa bugun tazara ne kawai, da shiga ba tare da damuwa da haɗari ba, wanda ke jawo katin gargaɗi, da amfani da ƙarfin da ya wuce kima ko jefa lafiyar abokin karawa cikin haɗari, wanda shi ne na jan kati. Ka aro kukan wasu a kan matsalar da ba mu da ita, ka ɗora a kan alƙalanmu.

Sai maganar niyya, wadda nake ganin ita ce ginshiƙin kuskurenka. Alƙalin wasa ba ya ganin zuciya. Abin da yake gani shi ne gudun da mutum ya zo da shi, da tsayin da ƙafarsa ta kai, da ko ƙusoshin takalmi na fuskantar ƙaurin ɗan'uwansa, da ko ya buɗe gwiwar hannu sa'ad da suka tashi sama tare. Idan aka ce sai ya tabbatar da mugun nufi kafin ya yi kora, an ɗaure masa hannu ke nan, domin ba a taɓa yin ɗan bayan da ya karya mutum ya ce da niyya ya yi ba, kowa ƙwallo ya bi. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu da za a ce daga Turai aka kawo. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji cewa fiƙihu ya raba ganganci da kuskure, amma bai ce kuskure ya tashi a banza ba, akwai diyya a kansa, na rai da na gaɓa. Hikimar a fili take: rashin nufi yana sauƙaƙa laifi, amma ba ya mayar wa wanda aka cuta ƙafarsa, kuma mutumin da ya san zai ɗauki nauyin sakacinsa ya fi kula da hannunsa. Yaron da aka kora yau saboda ya shigo da ƙafa biyu, gobe zai tsaya a kan ƙafafunsa ya tare. Wanda aka ƙyale saboda ya rantse bai nufa ba, an koya masa cewa rantsuwa ta isa.

A ƙwallon ƙafa ma an gwada an gani. Kafin gasar cin kofin duniya ta 2006 aka umurci alƙalai su kori duk wanda ya kai wa mutum gwiwar hannu a ka da gangan, kuma a gasar aka kori Daniele De Rossi na Italiya bayan ya fasa fuskar Brian McBride na Amurka, aka dakatar da shi wasa huɗu. Masu bincike a Jamus sun kwatanta shekarun da suka gabaci wannan doka da waɗanda suka biyo bayanta a gasar Bundesliga, suka tarar raunin kai ya ragu da kashi 29 cikin ɗari. A ɗaya gefen kuma muna da abin da sassauci ke haifarwa. A 1982 golan Jamus ta Yamma, Harald Schumacher, ya afka wa Patrick Battiston na Faransa ya sumar da shi ya zubar masa da haƙora, alƙali ko usur bai hura ba. Masoya Super Eagles ba su manta da 30 ga Yuni 2014 a Brasilia ba, ranar da Blaise Matuidi ya taka idon sawun Ogenyi Onazi, aka ɗauke shi daga fili, mai laifin ya sami katin gargaɗi kawai, Najeriya kuma ta rasa mai riƙe mata tsakiya ta sha kashi 2-0. Ban ji wanda ya fito ranar ya ce ai wasan maza ne ba. Game da armashi kuwa, a 1990 an kori 'yan Kamaru biyu, André Kana-Biyik da Benjamin Massing, a karawarsu da Ajantina, suka gama da mutum tara kuma suka ci 1-0, har yau Afirka ba ta da wasan da ta fi tunawa da shi.

Batun mazantaka ba ya bukatar doguwar magana. Ba mu da wasan da ya kai dambe nuna jarumta, amma a dambe da zarar hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, ba a bin na ƙasa da naushi. Mazagi da sauran ƙarafan da ake ɓoyewa a hannu a da, 'yan damben da kansu sun yarda an hana su, kuma ba wanda ya ce dambe ya zama na ragwaye. Jarumi yana tunkarar wanda ke kallonsa ne, wanda ya shirya. Mai zuwa ta baya, ko mai ɗaga gwiwar hannu ga mutumin da idonsa ke kan ƙwallo a sama, ya zaɓi lokacin da ɗan'uwansa ba zai iya kare kansa ba, kuma irin wannan ne dokar ke kora.

Yanzu mu dawo Kilomita Biyar, inda ka ce dokar ba ta dace ba. A Nuwamba 2021 Victor Osimhen na Napoli ya yi karo da Milan Skriniar a wasan Napoli da Inter, karon da ba na ƙeta ba ne ma, ƙashin kuncinsa da na kwarmin idonsa suka farfashe. Cikin kwanaki aka yi masa tiyata aka ɗaure ƙasusuwan da ƙarafa, ya yi jinya albashinsa na tafiya, ya dawo da takunkumin fuska. Golan Chelsea Petr Cech ya sami tsagewar ƙoƙon kai a Oktoba 2006, aka yi masa aikin gaggawa, bayan wata uku ya koma raga da hular kariya. Waɗannan mutane suna bugawa a kan ciyawa mai laushi, da likitoci a bakin layi da motar asibiti a ƙofa. Yaron Kilomita Biyar yana bugawa a kan jar ƙasa mai tauri da tsakuwa, sau da yawa ba abin kare ƙauri, wani da takalmi mai ƙusa wani da na roba, wani ma ƙafa ba komai. Idan ya faɗi, a kan babur za a ɗauke shi, ko da wuyansa ne ya taɓu, alhali jijjiga ita ce abin da mai raunin wuya ya fi tsoro. Yana zaune a ƙasar da likita ɗaya bai kai ga mutum 10,000 ba. Cibiyar lafiya ta Mamadou Mbaïki da ke unguwar za ta iya ɗinki da wanke rauni, amma karaya mai tsanani sai an fita zuwa manyan asibitocin gari, kuma iyali da yawa za su zaɓi mai ɗori saboda kuɗi. Mai ɗori yana da amfaninsa a targaɗe da karaya mai sauƙi, amma ba shi da abin yi da jijiyar gwiwa da ta tsinke ko jinin da ke taruwa a cikin ka. Sannan wannan yaro ba ƙwallo ce sana'arsa ba. Da safe shi ne mai tsaron shagon mahaifinsa a kasuwa, ko mai tura kura, ko ɗan kabu-kabu, ko ɗalibin da iyaye suka tara kuɗin makarantarsa da ƙyar. Ƙafar da aka karya a filin unguwa ita ce ƙafar da ke ciyar da gida. Idan Napoli da Chelsea, da duk abin da suka tanada, suna ganin dole a hukunta mugun karo, ban ga yadda za a ce wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin tanadinsu shi ne zai iya yin sassauci ba.

Raunin kai ya fi muni domin ba ya nuna kansa. Karaya kowa na gani, amma ƙwaƙwalwar da ta girgiza a cikin ƙoƙo sau da yawa ba ta sa suma, sai jiri da ciwon kai da ruɗewa, yaro ya miƙe ya kakkaɓe jiki a tafa masa. A 25 ga Janairu 2022 a Bafoussam, Sadio Mané ya yi karo da golan Cape Verde, Vozinha, aka kori golan, shi kuma ya ci gaba da wasa har ya ci ƙwallo, sannan ya kwanta a fili aka fitar da shi zuwa asibiti. Wannan a gasar cin kofin Afirka ne, da likitoci a tsaye. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa, kuma matasa sun fi shiga wannan haɗari. Ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, siriri ne, akwai jijiyar jini a bayansa, kuma daidai nan gwiwar hannu ke sauka. Wanda ta fashe masa yana iya tafiya gida da ƙafarsa, ya ci abinci, bayan sa'o'i ya fara amai ya shiga barcin da ba a iya tashinsa. Shi ya sa hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince daga Yuli 2024 gasa ta ba da ƙarin canji ga wanda ake zargin ya bugu a ka. Wannan doka ba ta cin ko sefa ɗaya, duk mai shirya gasar unguwa zai iya sa ta gobe.

Saura hujjarka ta zaman lafiya, kuma ba zan raina ta ba. Mutanen Kilomita Biyar sun san abin da ya faru tun daga Disamba 2013, lokacin da unguwar ta zama kurkuku ga mazaunanta, fita asibiti ma ta zama sayar da rai. Sun ga ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Fafaroma Francis ya shigo babban masallaci, sun kuma ga Disamba 2019 da 'yan kasuwa suka yi fito-na-fito da masu bindigar da ke karɓar haraji a hannunsu, aka rasa rayuka da dama. Wanda ya ga wannan yana da dalilin tsoron duk abin da zai tara matasa cikin fushi, musamman idan wasa ya haɗa yaran unguwar da na Fatima ko Miskine ko Boeing. Amma ka duba yadda faɗa ke tashi a filin ƙwallo. Da wuya ya fara daga katin da aka bayar a kan laifin da kowa ya gani. Yana farawa ne daga takun farko da aka ƙyale, sai wanda aka taka ya ga ba mai bi masa haƙƙi ya rama da kansa, sai abokansa su rama ramuwar, kafin a je hutun rabin lokaci wasan ya fita daga hannun alƙali, 'yan kallo kuma sun fara lissafin 'yan wace unguwa ake cuta. Ranar da aka ɗauki yaro a sume kuma wanda ya sumar da shi yana cikin fili, ranar ce duwatsu ke tashi. A taron ƙasa na Bangui na Mayu 2015, abin da wakilan jama'a suka fi nanatawa shi ne a daina barin mai laifi ya tafi ba hukunci, domin sun ga inda hakan ya kai ƙasar. Ba daidai ba ne filin ƙwallo, wurin da yaro ke fara ganin doka tana aiki a kan kowa ba tare da duba sunansa ko addininsa ba, ya zama wurin da zai koyi cewa ana ɗaga wa wanda ake tsoro ƙafa. Kuma sassaucin da ake yi don tsoro ba ya raba daidai, kullum ƙungiyar da ta fi yawan magoya baya da zafin kai ce ke cin moriyarsa.

Inda maganarka ke da gaskiya shi ne alƙalin unguwa mutum ne shi kaɗai, ba shinge tsakaninsa da 'yan kallo, ladansa bai taka kara ya karya ba, kuma a unguwar zai kwana. Ba adalci ba ne a ce ya ɗauki wannan nauyi shi ɗaya. Sai dai maganin wannan a tsaya masa ne. Masu shirya gasa su tara kyaftin da masu horarwa kafin a buga wasan farko, a gaban masu unguwa da limamai da shugabannin matasa, a faɗa da Sango da Faransanci da Hausa da duk harshen da yaran ke ji cewa taku ta baya, shiga da ƙafa biyu, gwiwar hannu a ka da ɗaga takalmi zuwa fuska kora ce, kuma wanda aka kora zai zauna wasa na gaba, ko ɗan wane ne. A ɗauko alƙali daga wata unguwa idan wasan mai zafi ne. Ƙungiyar da magoya bayanta suka taɓa alƙali ta rasa makin wasan. Wanda ya bugu a ka ya fita, kada ya dawo ranar ko ya roƙa, kuma wani babba ya raka shi gida ya gaya wa iyayensa alamomin da za su sa a garzaya asibiti cikin dare. Hukumar ƙwallon ƙasar tana da alƙalai masu horo a Bangui, kuma yini ɗaya na bita ga masu hura usur a unguwanni ba zai gagare ta ba. Ita ma tana da riba a ciki, domin daga irin waɗannan filaye ƙungiyoyin Tempête Mocaf da Anges de Fatima ke ɗibar 'yan wasa, daga su kuma ake neman masu sa rigar ƙasar da ta doke Najeriya 1-0 a Legas a Oktoba 2021. Yaron da ya saba shiga da ƙafa biyu ba a ce masa komai, ranar da ya isa gaban alƙalin hukumar ƙwallon Afirka ta CAF ba zai gama minti ashirin a fili ba.